Hotunan Anti Maimuna da Dandalin da Na Zaɓa Mata

Tun da aka san ina buɗe wa mutane shago a intanet, ƙannena 'yan matan unguwar Ali Kazaure a nan Jos da suka gama sakandare ba sa barina in huta. "Anti Bilki, ki koya mana mana. Mun gani a bidiyo, ai danne-danne ne kawai." Gaskiyarku, danne-danne ne. Ki zaɓi dandali, wato kamfanin da zai ba ki fili da kayan ginin shafi, ki zuba hotuna, ki rubuta farashi, shago ya tsaya. Ni ma haka na ɗauke shi. Akwai abin da nake so in gaya muku baki da baki, amma duk lokacin da na fara sai in kasa ƙarasawa. Shi ya sa na rubuta. Ku karanta tukuna, wadda har yanzu take son sana'ar sai ta zo.

A shagon Oga Ikenna na koya, can wajen kasuwar Taminus, wani ɗan lungu tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da takalman gwanjo. Fotokofi da buga takardu aka ɗauke ni in yi. Shi Oga a Jos aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar ruwa, sai dai kowa a wurinsa namiji ne. "Bilki, kai zo nan," haka yake kirana har yau. Da ya ga hannuna yana da sauri a kan kwamfuta, sai ya fara zaunar da ni kusa da shi idan yana yi wa 'yan kasuwa shafi.

Aikin farko da ya ba ni shi ne wanda na fi tsana: gyaran hoto. Kowane hoto kwastoma ya kawo, sai na buɗe shi a kwamfuta, na yanke gefe da gefe, na rage masa nauyi, na ajiye shi da sabon suna, sannan a ɗora. Ɗaya bayan ɗaya. Idan na yi ha'inci na ɗora wani yadda yake, sai ya gane.

"Wannan hoto ya yi nauyi kamar buhun dankali. Wa zai buɗe shi da ɗan data nasa? Sake yi."

Dandalin da yake amfani da shi tsoho ne, ba shi da kyan gani, kuma ba ya taimaka miki da komai. Abin da kika ba shi, shi zai nuna. A cikin durowar teburinsa kuma akwai wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi, wadda yake kira wayar kwastoma. Ba ya sallamar aiki sai ya buɗe shi a kanta, ya danna nan, ya ja can, ya juya ta a kwance, kamar yaro da ya samu abin wasa. Ni dariya abin yake ba ni. Ya kan ce, "Kwamfuta na mai shago ne. Mai saye da waya zai zo, kuma hannunsa ba ya jin magana."

Shagon da na fara ginawa da hannuna na Madam Kachollom ne, wata mata daga Vom da ke yin yogot da cuku. A kansa na fara gane cewa kowane dandali da irin mutanen da aka yi shi dominsu, kuma ba lallai mu ne ba. Wanda na ɗauko mata ya ɗauka duk mai saye katin banki zai sa ya biya, ya tafi abinsa ba tare da ya yi magana da kowa ba. Mutumin Jos kuwa ba ya sakin kuɗinsa sai ya ji muryar mai kaya, ya tambayi na yau ne ko na jiya, ya nemi ragi ko da ya san ba za a yi masa ba. Sannan dandalin ya buɗe ƙofa ga duk ƙasa. Sai ga oda daga Fatakwal, wai a aiko da yogot. Madam Kachollom ta zo shago tana dariya har da riƙe ciki.

"Bilki, zai isa Fatakwal, amma da ƙafarsa zai sauka daga mota."

Muka kwashe komai muka koma wani dandalin mai maɓallin kira a gaban kowane kaya, muka rubuta unguwannin da ake kai wa. Kuskure ne mai arha, an yi dariya an wuce. Da ma duka irinsa ne.

Shekarar da aka yi ta sa dokar hana fita saboda rikici, ita ce ta kusa kashe shagon Oga, kuma ita ce ta buɗe mana wannan sana'a. Fotokofi ya tsaya cak. Amma ko bayan an sassauta, kun san garinmu: akwai wanda ba zai shiga unguwar Gangare ba, akwai na Gangare da ba zai hau wasu unguwannin ba, alhali kowa yana son kayan kowa. Sai shafi ya zama wurin haɗuwa. A gani a waya, a yi ciniki a waya, mai keke ya kai kaya Taminus a karɓa. Mata masu sana'a a cikin gida su suka fi cin moriyar abin, kuma su ba za su zo su zauna gaban Oga ba. Ni ce mai shiga gida. Nan na zama mutum. Na sayi kwamfutata ta hannu, na fara karɓar aiki da sunana, ina zuwa wurin Oga idan an ɗauke wuta ko na maƙale.

Anti Maimuna tela ce a Gangare, ƙawar Ummata tun suna 'yan mata. Ita ta ɗinka mini kayan makaranta na farko. Dogayen riguna take yi, masu aikin zare da duwatsu a wuya da bakin hannu, irin aikin da sai kin matso da ido kike ganin wahalarsa. Mijinta, Malam Habibu, kayan gini yake sayarwa, mutum ne mai kamewa, ba ya son hayaniya. Da ƙyar ya yarda a buɗe mata shafi, kuma da sharaɗi: ba fuskarta, ba adireshin gida.

Wannan ba wani sabon abu ba ne. Kun sani, na sani, haka matanmu ke talla. Mai riga ta sa rigarta domin a ga yadda take zama a jiki, a ɗauki hoto, a yanke daga wuya zuwa sama. Riga a rataye ba ta da ciniki.

Azumi ya yi nisa, aikin Sallah ya taso, Anti ta tara riguna tuli a kan gado. Na duba yawansu, na tuna zaman yankan hoto ɗaya bayan ɗaya, sai na ga aikin ya yi mini yawa. A kwanakin kuma na ci karo da tallan wani sabon dandali. Kyakkyawa ne, ba ƙarya. Abu biyu suka ja ni. Yana da almakashinsa a ciki: ki zuba hotuna gaba ɗaya daga waya, ki ja layi da yatsa a kan kowanne, shi ke nan ya yanke. Kuma mai saye yana iya danna hoto ya buɗe babba, ya ga zare da dutse sosai. Na ce wannan ai don Anti aka yi shi.

Na nuna wa Oga. Ya kalla ta saman tabarau ya ce, "Ka gwada shi?"

Na ce na gwada. Abin da na yi shi ne na kalle shi a kwamfutata, ya yi kyau.

Ranar ɗaukar hoto da hantsi na je, saboda hasken tagar ɗakinta. Na tarar ta fara tsifar kai, za ta je kitson Sallah, rabi a tsefe rabi a kitse, tsinken tsifa a soke. Ta sa riga ta farko, ta miƙa hannu za ta ɗauki ɗankwali.

Na ce, "Anti, bar shi kawai, yana rufe aikin wuyan. Ai kan zan yanke."

Ta ce, "Ke Bilki, kin tabbata? Kin ga yadda nake kamar an kori mahaukaciya daga kasuwa."

"Wallahi daga wuya ne zuwa ƙasa. Ba mai gani."

Ta yi dariya ta jefar da ɗankwalin kan gado. Muka yi ta yi, tana canzawa ina ɗauka, tana yi mini tsiya wai na zama 'yar jarida, tana murguɗa baki, tana gwada tafiyar masu tallan kaya. Duk yana cikin hotunan, da gadonta, da madubinta. Ba ta ji komai ba, domin ni ce. 'Yar da ta goya ce ke riƙe da waya.

Na koma gida na zuba su duka, na ja layi a kan kowanne daidai wuya. Shago ya fito kamar na manyan birane. Na tura mata linki, ta duba ta sa mini albarka, ta tura wa guruf ɗin 'yan uwa, da na matan Islamiyyarsu, da na tsofaffin ɗaliban makarantarsu. Su ma suka tura gaba. Oda ta fara shigowa har daga Bukuru da Abuja. Ni kuma na kama wani aikin.

Abin da ban sani ba, almakashin nan ba almakashi ba ne. Taga ce. Hoton yana nan a baya cikakke yadda na ɗauke shi, dandalin kawai ya rufe sama da labule. A kwamfuta idan kika danna, yankakken yake ƙara girma. A waya kuwa, idan mai saye ya danna domin ya ga aikin wuya, sai labulen ya yaye, hoton asali ya cika fuskar waya.

Madam Kachollom ce ta kira ni, bayan kwanaki. Tana neman riga ne wa 'yarta saboda wani biki a cocinsu, ni na tura mata linkin da kaina. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Bilki, kina ina? Wannan mata mai riga, ta san kanta yana waje?"

Na ce wane kai.

"Ɗauki waya ki danna koren riga. Kar ki yi a kwamfuta. A waya."

Ina tsaye a bakin titi ina jiran keke na danna. Ga Anti Maimuna tana dariya, baki a murguɗe, tsinke a kai. Na danna ta biyu, na danna ta uku. Ban san lokacin da na zauna a bakin kwata ba.

Da na isa shago, Oga bai yi faɗa ba. Ya karɓi wayar ya duba, sannan ya tambaya, "Mijinta ya gani?" Na ce ban sani ba. Ya ture aikin da ke gabansa, ya ja mini kujera.

Ku saurara da kyau a nan, domin wannan ma yana cikin zaɓen dandali. Ɗora abu minti kaɗan ne, sauke shi kuma wani aiki ne daban. Na goge rigunan daga shago, amma duk wanda ke da linkin hoton kai tsaye, yana buɗe masa. Muka nemi wanda za mu yi wa magana a kamfanin, babu lambar waya, babu mutum, sai wani akwatin hira da ke amsawa da Turanci yana tambaya ko mun gamsu da taimakonsa. Oga ya rubuta, ya sake rubutawa. Daga ƙarshe muka rushe shagon gaba ɗaya, da odar mutane da komai, kuma duk da haka sai da aka kwana aka wuni kafin hotunan su daina buɗewa.

Kuma an riga an makara. Matan da suka gani tun farko, wasu sun yi shiru saboda kunya, kowace tana jiran wata ta faɗa. Wasu sun ɗauka a wayarsu. Daga wayar wata hoton ya faɗa hannun ƙaninta, aka yanko fuskar Anti da tsinken nan aka mayar da ita sitika, irin wadda samari ke jefa wa juna a guruf idan ana raha. A haka ta je guruf ɗin 'yan kasuwar kayan gini, inda Malam Habibu yake.

Ya aiko a kira ni. Oga ya ce zai raka ni, na ce a'a, kar abin ya zama an tara maza a kan maganar matarsa. Ni kaɗai na je. A zaure na same shi a kan tabarma, bai ɗago ya kalle ni ba. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi, ya amsa a taƙaice.

"Ke kika ɗauka?"

"Ni ce, Malam."

"Ita ta ce a bar kanta a buɗe?"

"A'a. Ta ɗauko ɗankwali, ni na ce ta ajiye."

Ina jin ƙarar yara a lungu, amma daga cikin gida babu motsin keken ɗinki, gidan da ban taɓa shiga na ji keken ya yi shiru ba.

"Yanzu ina hotunan?"

Na ce an sauke su daga intanet, na wayata ma na goge. Na miƙa wayar da hannu biyu ko zai duba. Bai karɓa ba.

"Na wayoyin mutane fa?"

Na ce, "Waɗannan ba zan iya ba, Malam."

"To me kika iya?"

Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce in tashi in tafi, maganar intanet ta ƙare a gidansa, ta yi ɗinkinta na unguwa kamar yadda uwarsa ta yi. Ban ga Anti ba ranar.

Ba ta je Idi ba. Ba ta fita gaisuwar Sallah ba, ita da ke zagaye dangi da tuwo. Umma ta je gidan ta dawo, sai ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Aikin Gangare ya yanke mini gaba ɗaya. Na je wani suna, na ciro waya don in duba lokaci, sai na ga matan da ke kusa da ni suna jan mayafi. Wata ta ce, cikin wasa wai, "A gyara zama, mai yanke kai ta iso." Aka yi dariya. Ni ma na yi, don ban san me zan yi ba. Har yanzu idan baƙuwar lamba ta kira ni, sai na bar ta ta katse, sannan in kira da kaina daga baya. Kuma ba na shiga guruf mai yawan sitika. Ina tsoron abin da zan gani.

Na so in bar sana'ar in koma fotokofi. Oga ya ce, "Fotokofi ma ana saka takardar wani a jakar wani. Zauna." Ya buɗe durowa ya ajiye mini wayar kwastoma a gabana. Tun daga ranar, ga yadda nake zaɓen dandali. Ba na fara kallon kyansa. Buta nake ɗauka, in ɗora mata jan tumatir a ka, in ɗauki hoto, in ɗora a dandalin, in yanke tumatirin da almakashinsu. Sannan in bi shi nema: a kwamfuta, a fasasshiyar waya, a tsaye, a kwance, in tura linkin wa Madam Kachollom ta buɗe a Vom. Idan tumatirin ya leƙo ko ta ina, na bar dandalin ke nan. Bayan haka in goge hoton, in ga ko ya gogu da gaske, kuma in nemi ko akwai ɗan Adam da ke amsa kira. Duk wanda ya ci wannan jarrabawa ma, ba na ba shi hoton mutum cikakke. Na koma yanka da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Abin da bai bar kwamfutata ba, ba mai yaye masa labule.

Damina ta yi tsakiya Anti Maimuna ta aiko. Umma ce ta gaya mini dalili a hanya: matan Bukuru da na Abuja suna ta neman lambarta, ɗinkin unguwa kuma ba ya riƙe 'yan matan da ke koyo a hannunta, har wasu sun fara zama a gida. Ta yi ta lallaɓar Malam har ya sassauta. Umma ta raka ni bakin lungu ta juya.

A da, ba na sallama sau biyu a gidan nan. Kai tsaye nake wucewa har kan gadonta. Ranar na yi sallama daga zaure, na ji muryarta daga ciki.

"Dakata nan, ina zuwa."

Na tsaya. A jikin bango na ga wani abu a lulluɓe da zani. Ta fito sanye da hijabi har ƙasa, ta rame, amma idonta a bushe. Na durƙusa na fara magana, ta ɗaga hannu.

"Tashi, Bilki. Kin faɗa wa Malam gaskiya, na ji daga ɗaki. Da kin ce ni na ajiye ɗankwalin, da wata maganar ake yi yanzu. Tashi ki ga sabuwar ma'aikaciyata."

Ta janye zanin. Mutum-mutumin roba ne irin na masu shagon kaya, an sa masa doguwar riga ruwan toka mai aikin azurfa. Daga wuya ya ƙare, ba shi da kai.

"A Taminus na sa aka sayo mini. Na ce a zaɓo wadda aka riga aka yanke, don in rage miki aiki."

Na rasa ko dariya zan yi ko kuka. Ita ta yi ɗan murmushi, na gefen baki.

"Wane dandalin za ki sa ni a kai yanzu?"

Na ce tsohon nan na Oga, mara kyan gani.

"Mara kyau ɗin nake so."

Na ce hasken zauren bai isa ba, aikin azurfa ba zai fito ba. Ban yi tunani ba na ƙara da cewa tagar ɗakinta ta fi haske. Ta dube ni, ta dubi wayar da ke hannuna.

"A nan za a yi. A buɗe ƙofar waje, haske zai shigo."

Na buɗe ƙofar. Muka yi aikin a zaure, tana miƙo riguna daga bakin ƙofar ciki, ina sa wa robar, ina ɗauka. Ta gyara mini naɗin hannu, ta nuna mini inda dutse ya fi walƙiya, har ta sa aka kawo mini kunu. Shagon yana nan yanzu, yana ciniki, ni nake kula da shi. Duk mako biyu ina zuwa ɗaukar sababbin kaya.

Kuma duk zuwan da zan yi, a zaure nake tsayawa. In yi sallama, ta ce in dakata. Ina jin ta tana buɗe durowa, tana neman hijabi.